Wace Kwamfutar Tebur Ce Ta Dace da Gida Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba?

"Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a nan Bauchi, ina zaune a Fadaman Mada. Na daɗe ina tara 'yan kuɗi domin in saya wa gida kwamfutar tebur, in riƙa buga tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamakon ɗalibai, uwargida ta riƙa ajiye lissafin sana'arta, babbar 'yata kuma ta saba da na'urar kafin ta zauna JAMB. Na je shago an nuna mini guda biyu, duk tokumbo. Ɗaya babba ce, Core i7, ma'ajiyarta 1TB, ram 4GB. Ɗayar 'yar ƙarama ce kamar littafi, Core i5, ma'ajiyarta 256GB kacal, ram 8GB, amma ta fi babbar tsada. Mai shago ya ce i7 ta fi ƙarfi. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba don kada a cuce ni?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Idan na fahimce ka daidai, abu biyu kake nema: wacce daga cikin na'urorin nan za ta yi wa gidanka aiki gwargwadon kuɗin da za ka zuba, sannan yadda mutumin da ba sana'arsa ba ce zai tsaya gaban mai shago ya tantance abin da ake miƙo masa. Zan ƙara maka na uku wanda ba ka tambaya ba, domin a shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta a garin nan shi ne ya fi kawo mini mutane fuska a murtuke, wato halin da na'urar za ta shiga bayan ta isa gida ta gamu da wutarmu da ƙurarmu.

Ayyukan da ka lissafa duk marasa nauyi ne. Rubutu a Word, lissafi a Excel, manhajar gwajin jarrabawa, kallon darasi a YouTube, babu ɗaya a cikinsu da zai sa kwamfuta ta yi gumi. Saboda haka abin da gidanka ke bukata shi ne na'urar da ke tashi da sauri idan an kunna ta, ba ta shan wuta da yawa, ana samun kayan gyaranta a kusa, kuma za ta ci gaba da karɓar sabuntawar tsaro na wasu shekaru masu zuwa. Da wannan ma'auni zan auna maka guda biyun.

Lambar da ke bayan i5 da i7

Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Gaskiya ne cewa i7 ta fi i5 idan sa'o'in juna ne, wato idan kamfanin Intel ya fitar da su a zubi ɗaya. Sai dai kamfanin ya shafe fiye da shekara goma yana maimaita waɗannan sunaye, kusan kowace shekara da sabon zubi, abin da masu shago ke kira janareshan. Kiran na'ura da "i7" kawai daidai yake da a ce maka mota Toyota ce ba tare da an faɗa maka shekarar ƙirarta ba. Cikakken sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da kwamfutar, yana ɗauke da lamba bayan ɗan layi, kuma lambar farko ita ce zubin. Idan ka ga i7-3770, zubi na uku ne, na shekarar 2012. Idan ka ga i5-8500, zubi na takwas ne. Daga zubi na goma lambobin sukan zama biyar, sai a karanta biyun farko, kamar i5-10500 na shekarar 2020.

Bambancin ba na suna ba ne kawai. Furosesa yana da ƙananan sassa a cikinsa da ke raba aiki tsakaninsu, kamar ma'aikata a ofis ɗaya. Wancan i7 na 2012 sassa huɗu gare shi, shi kuwa i5-8500 shida gare shi, kowanne kuma ya fi na tsohon hanzari, ga shi bai kai shi shan wuta ba. A zubi na takwas ne Intel ya ƙara yawan sassan, har i3-8100 ya zo da huɗu, adadin da i5 ke da shi a zubi na bakwai. Wannan ya sa nake gaya wa mutane cewa i3 na zubi na takwas ya wadatar da aikin gida, kuma zan ɗauke shi in bar i7 na zubi na uku ba tare da na waiwaya ba.

Ba ka faɗi lambobin naka biyun ba, amma siffar da ka ba da ta saba zuwa hannuna. Babbar kwamfuta mai i7 da ram 4GB da faifan 1TB, wadda kuma ta fi ƙaramar i5 araha, galibi zubi na uku ce ko na huɗu. Ƙaramar kuwa tana iya zama ta shida, ta bakwai ko ta takwas, kuma a nan ne nake so ka buɗe ido, domin a waje kusan kamanninsu ɗaya ne, amma akwai katanga tsakanin na bakwai da na takwas. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ya buɗe ƙofar ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, amma wannan jinkiri ne kawai. Ita kuma Windows 11, wadda ta fito a 2021, sharaɗinta a hukumance shi ne furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Na'urar da ta gaza cika sharaɗin za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki, sai dai ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa ba za a riƙa toshe mata su ba, kuma gidan da za a riƙa shiga asusun banki ko shafin rajistar jarrabawa da ita bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Kada ganin Windows 11 a kan allo ya ruɗe ka. Akwai dabarar da ake tsallake sharaɗin a ɗora ta a kan tsohuwar na'ura, kuma masu shago da yawa suna yi, wasu ma da kyakkyawar niyya. Tana aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba. Lambar furosesa ce shaida. Haka nan sunan samfurin shi kaɗai ba ya isa, domin Dell, alal misali, ya fitar da OptiPlex 7010 a 2012, ya sake amfani da wannan sunan ga wata sabuwa a 2023. Samfuran zubi na takwas da suka fi yawa a kasuwarmu su ne Dell OptiPlex 3060 da 5060 da 7060, da HP EliteDesk 800 G4 da ProDesk 600 G4, da Lenovo ThinkCentre M720q da M920q. Dukkansu an ƙera su ne domin ofisoshi da bankuna, inda ake kunna su tun safe har yamma shekara da shekaru, shi ya sa ƙirarsu ta fi ta na'urorin da aka yi domin kasuwar gida ƙwari.

Ma'ajiya da ram

Na san abin da ke jan hankalinka ga babbar: 1TB ya ninka 256GB kusan sau huɗu, ga shi kuma ta fi sauƙin kuɗi. Amma ma'ajiyar iri biyu ce. Ta 1TB ɗin kusan tabbas tsohon faifai ne, wanda ake kira hadis, mai ƙarfe da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya da wata allura da ke bin sa tana neman bayanai. Ta 256GB ɗin kuwa SSD ce, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, irin ma'ajiyar wayar hannu. A kan hadis, Windows takan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta gama tashi ta nutsu, a kan SSD kuwa daƙiƙa ashirin sun isa. Mafi yawan na'urorin da ake kawo mini da kukan "ta yi nauyi" ko "bairos ya shiga", furosesarsu lafiya lau take, faifan ne ya gaji. In cire shi in sa SSD, mai ita ya ce na yi mata asiri.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman. Faifai mai juyawa ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ba ya son girgiza, kuma tokumbo ne da ya sha jirgin ruwa ya sha babbar mota daga Legas zuwa nan. Game da girma kuwa, Windows da manhajojin ofis za su ci kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 256GB, abin da ya rage kuma zai ɗauki takardun jarrabawar da za ka buga har ka yi ritaya. Abin da ke cika ma'ajiya shi ne bidiyon biki da finafinai, waɗannan kuma ana iya saya musu faifan waje daga baya.

Ram shi ne teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, amma da zarar an buɗe shafuka biyar ko shida a Chrome tare da Word, sai ka ga komai ya fara jan ƙafa. 8GB ya isa gidanka. Idan ka sami 16GB da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan, ka ɗauka, in ba haka ba ka tambaya ko akwai gurbin da babu kowa a ciki domin ƙari nan gaba. Na'urorin zubi na takwas suna amfani da DDR4, tsofaffin zubi na uku da na huɗu kuwa DDR3, kuma ba sa shiga gurbin juna.

Wuta ce ke yanke hukunci

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan kuɗin mutane ke ƙonewa. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Ana ɗauke wuta take mutuwa, aikin da ba a adana ba ya tafi, idan kuma abin ya yawaita sai Windows ta lalace ta ƙi tashi. Mafi muni shi ne lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko lokacin da ta yi ƙasa har ƙwan ɗaki ya zama ja, ko lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta na'urar tana jone. Duk wanda ya zuba kuɗinsa gaba ɗaya a akwatin kwamfuta, bai bar ko sisi na kariyar wuta ba, ya sayi doki bai tanadi turke ba.

Ta wannan fuska ƙaramar tana da fifiko babba. Irin waɗannan ƙanana galibi suna zuwa da furosesa mai harafin T a ƙarshe, kamar i5-8500T, wanda aka tsara shi a kan wat 35, alhali i7-3770 an tsara shi a kan wat 77. Abin da na saba gani a ma'auni shi ne, ƙaramar kwamfuta da allo na zamani mai inci 22 ba sa wuce wat 50 a aikin rubutu da lissafi, tsohuwar babba da tsohon allonta kuwa sukan haura wat 100. Idan kana da sola a gida, ko kana da niyyar sakawa, ka yi lissafin da kanka: batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, kuma idan irin na dalma ne rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana so ya yi tsawon rai. Ƙaramar za ta yi awa goma ko fiye a kan wannan rabin, babbar kuwa biyar ko shida, kafin ma a kunna fanka ko ƙwai.

Fifiko na biyu shi ne, ƙaramar tana amfani da caja ta waje irin ta laftof, wadda ke karɓar wuta daga bolt 100 har 240. Idan wuta ta yi ɓarna, sau da yawa cajar ce ke ƙonewa, a sayi wata a ci gaba. Babbar kuwa na'urar rarraba wutarta, wadda muke kira fawa-fak, a cikin akwatin take, kuma a samfuran ofis na Dell da HP sau da yawa tana da siffa da bakin waya na musamman, ba kowace ce ke shiga ba, har sai an aika Kano ko Legas a nemo. Sai dai ka tabbatar cajar da za a haɗa maka ta asali ce. Na'urorin Dell suna tantance cajarsu ta wata siririyar allura da ke tsakiyar bakin, idan ba su gane ta ba sai su rage wa kansu gudu, mai ita ya yi ta mamakin abin da ya same ta.

Idan ka ƙare da ɗaukar babba, ka juya ta ka dubi baya kafin ka jona. Wani bawan Allah ya taɓa shigo mini da wadda ɗan'uwansa ya aiko masa daga Amurka, a naɗe cikin bargo, tana warin ƙonanniyar roba. Ya ce yana sa ta a soket ya ji "fau", hayaƙi ya fito ta wajen fanka, yaransa da suka taru kallo suka watse. Na juya ta, sai ga ɗan jan maɓalli kusa da inda wayar wuta ke shiga, an tura shi gefen da aka rubuta 115. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Da ya tura maɓallin nan da kan makulli zuwa ɗaya gefen, da babu abin da ya faru. Sababbin na'urori ba su da shi, suna daidaita kansu, amma tsofaffin da ake sayarwa da araha har yanzu ana samun sa a jikinsu.

UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, wajibi ne, amma ka san iyakarsa. Ƙaramin nan mai 650VA batir ɗaya ne a cikinsa, mai bolt 12 da amfiya 7, kuma aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe na'ura cikin natsuwa. Wanda ya mayar da shi inbata yana aiki a kansa har ya yi ƙara ya mutu, batirin ba zai kai shekara ba, dama kuma zafin bazararmu yana rage masa kwana. Kada ka sayi UPS tokumbo sai da sharaɗin sabon batir. Kada a jona masa firinta mai amfani da hoda, domin tana fizgar wuta mai yawa lokacin da take ɗumama. Wasu UPS ɗin ba sa jituwa da ƙaramin janareta, sai ka ji suna ta ƙyas-ƙyas suna komawa batir, don haka idan da janareta za ka fi aiki ka faɗa wa mai sayarwa tun farko. Idan unguwarku wuta tana yawan yin ƙasa, ka sa sitabilaiza a gaba, mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan an kawo ta. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗu, babu na'urar kariyar da ta kai zare waya daga bango.

Ƙura da zafi da baƙin da ba a gayyata ba

Kwamfuta tana shaƙar iska ta gaba ta fitar ta baya, duk abin da ke cikin iskar kuma yana tsayawa a ciki. Bayan hunturu ɗaya a Bauchi, ƙarfen da ke sanyaya furosesa yakan toshe da ƙura kamar an lulluɓe shi da auduga, sai kuma watan Maris da Afrilu su zo da zafin da ke kusantar digiri 40, fanka ta yi ta ihu, na'ura ta riƙa kashe kanta. Maganin ba shi da tsada. A ɗora ta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa ko a kan kafet, a bar mata sarari ta baya, a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta, amma ba tana kunne ba. Sau biyu a shekara, musamman da hunturu ya wuce, a zare wuta a buɗe ta a hure da bulowa, a riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Babban akwati yana da wata matsalar da littattafan Turawa ba sa ambata. Na taɓa buɗe fawa-fak na wata da ta mutu dare ɗaya, na tarar da tsaka ta bushe a miƙe tsakanin ƙafafun waya biyu, wutsiyarta ta manne da allon lantarkin da ke ciki. Ɗumi ta bi ta shiga. Kyankyasai ma haka suke yi, ɓera kuma yakan shiga ta gurbin baya da aka bari a buɗe. Ƙaramar ba ta da ƙofar da za ta ɗauki irin waɗannan baƙi, ko da yake ita ma da yake cikinta a matse yake, ƙura kaɗan ta isa ta dame ta.

A gaban mai shago

Kada ka yi cinikin biri a sama. Duk inda za ka saya, a nan gari ne ko wani zai sayo maka daga titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, sai an kunna na'urar a gaban wanda ya san abin da zai duba. Ni na fi son mutum ya saya a garin da yake zaune ko da da ɗan ƙari, domin garantin da sai ka biya kuɗin mota zuwa Legas kafin ka ci moriyarsa ba garanti ba ne.

Idan an kunna, ka ƙirga lokacin da ta ɗauka kafin ta tashi. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi zai buɗe, ka shiga sashen da aka rubuta Performance. A nan na'urar da kanta za ta faɗi cikakken sunan furosesarta da yawan ram ɗinta, ta kuma nuna ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Sitikar da ke gaban akwati ana sayar da irinta a kasuwa, wannan shafin kuwa ba ya karɓar cin hanci. Ka roƙi mai shagon ya buɗe maka CrystalDiskInfo, ƙaramar manhaja ce ta kyauta wadda masu gyara da yawa ke yawo da ita a filas, tana nuna lafiyar ma'ajiya da yawan awoyin da ta yi tana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna awa 35,000 ya yi kimanin shekara huɗu cur ba hutu. Idan ta nuna launin rawaya ko ja, a sauya maka ma'ajiyar ko ka bar ta.

Ka sa filas a kowace ƙofar USB, gaba da baya. Ka sa a kashe a sake kunnawa, a shiga shafin BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, domin wasu suna zuwa da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da su, kuma cire ta wahala ce. Idan agogon na'urar yana nuna wata shekara ta da, ɗan batirin CR2032 da ke ciki ne ya mutu, wannan abu ne mai sauƙi, a sauya maka nan take. Ka sa a buɗe murfin ka leƙa da idonka: tsatsa, alamar ruwa, ko wurin da aka yi walda da hannu duk suna nuna ta sha gyara, ko da an ce maka yanzu aka sauke ta daga kwantena. Ka bar ta tana kunna bidiyo kamar minti goma sha biyar kuna hira, ka saurari fankar. A ƙarshe a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin garanti. Mai shagon da ya ɓata rai don ka nemi waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Ka kuma tambaya tun kafin a yanke farashi ko kuɗin na akwati ne kaɗai. Sau da yawa allo da kibod da maus da wayoyi daban ake lissafa su. A kan allo kada ka yi rowa, domin shi idanun iyalinka za su kalla: inci 22 zuwa 24, mai 1920 a 1080, ka sa a nuna maka farin shafi da baƙin shafi don ka ga ɗigo ko layi. Na'urorin ofis da yawa ƙofar DisplayPort gare su, allon kuma wataƙila HDMI ko VGA yake da shi, saboda haka a haɗa maka wayar da ta dace a gwada a shagon. Ana iya jona ta da talabijin, amma rubutu ba ya fita da kyau daga kusa, kuma ranar da ake ƙwallo za a yi rigima. Da yawansu ba su da Wi-Fi, tun da a ofis da waya ake ba su intanet. Ɗan abin da ake sokawa a USB yana magance wannan, ko a jona wayar hannu da kebul. Idan da datar waya za ku yi aiki, ka sa a saita layin a matsayin mai awo, in ba haka ba Windows za ta shanye datar wata a dare ɗaya tana sabunta kanta. Tun da malami ne kai, ka sa a ƙara maka tsarin kibod na Hausa da ke cikin Windows, domin ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai a takardar jarrabawa.

Inda shawarata ta tsaya

Amsata a kan biyun da aka nuna maka ita ce, idan ƙaramar zubi na takwas ce ko sama, kuma ma'ajiyarta SSD ce mai lafiya, ka ɗauke ta, ƙarin kuɗin halal ne. Idan ta bakwai ce ko ta shida, ka nemi ta takwas ko da i3 ce. Babbar ba zan ba ka shawarar ta ba, sai idan aljihu ya ƙi gaba ɗaya, a nan ma sai an sa mata SSD an ƙara ram, kuma idan ka haɗa kuɗin waɗannan za ka ga ka kusa kamo farashin ƙaramar. Irin wannan tsohuwar ta fi dacewa da Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice a madadin Word da Excel, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su, amma manhajojin gwajin JAMB da yawa domin Windows aka yi su. Ban sa maka farashi ba da gangan, domin kayan nan dala suke bi, abin da zan rubuta yau ba zai kai wata ba. Abin da nake yi wa masu zuwa wurina shi ne in sa su ware kuɗin allo da UPS tukuna, abin da ya rage shi ne na akwati.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tokumbo tokumbo ce, duk binciken da aka yi yana rage haɗari ne kawai. Ni kaina na taɓa zaɓa wa wani ɗalibi na'ura, na gwada komai na ce ya biya, bayan wata biyu SSD ɗinta ta mutu farat ɗaya da babi uku na kundin digirinsa a ciki. Hadis yakan yi gargaɗi da ƙara da nauyi kafin ya mutu, SSD kuwa sau da yawa ba ta sallama. Tun daga ranar ba na sallamar kowa sai na nuna masa yadda zai riƙa kwafe muhimman takardunsa a filas ko a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. Sakamakon ɗalibai da lissafin uwargida suna cikin abin da nake nufi.

Idan kana son sabuwa dal, akwai ƙananan kwamfutoci masu furosesa Intel N100, wanda ya fito a 2023, suna shan wuta kaɗan ƙwarai kuma sun isa ayyukanka, sai dai da yawansu na kamfanonin da ba su da wakili a nan ne, idan babban allon lantarkin da ke cikinsu ya lalace babu madadi. Wadda aka haɗa allo da kwamfuta a jiki ɗaya tana da kyan gani a falo, amma ranar da allon ya fashe komai ya tsaya. Idan kuma nan gaba wani cikin yaran ya shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana karatun zanen gine-gine ko injiniya, ko ya kama harkar tace bidiyo, ƙaramar galibi ba ta da gurbin katin hoto, wato sashen da ke ɗaukar nauyin aikin zane da bidiyo, lokacin sai a sake lissafi.

Akwai kuma gidan da zan ce masa ya bar kwamfutar tebur gaba ɗaya: wanda wuta ba ta kai awa uku a yini, babu sola, babu janareta. Wannan laftof ya dace da shi, tun da batirinsa na jikinsa. Amma idan kana da wutar da za ta riƙe ta, ta tebur ta fi dacewa da abin da ka bayyana. Tana zaune a falo inda idon iyaye ke kaiwa, ba a aron ta, idan aka zubar da kunu a kibod sai a sayi wani da kuɗi kaɗan, alhali a laftof wannan kunun yana iya gangarawa har cikin inji. Kuma tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka 'yarka tana bukatar hannunta ya saba da maus da cikakken kibod, ta riƙa zama awa biyu a jere tana amsa tambayoyi agogo yana tafiya a gefen allo. Ka buɗe mata nata asusun daban a na'urar, wanda ba shi da ikon saka manhaja sai da kalmar sirrinka, domin takardun jarrabawar da kake bugawa su zauna a naka ɓangaren.